Aikin Maroƙi a Kan Allo: Nazarin Zubi da Salon Fim ɗin Sarraounia na Med Hondo

1.0 Gabatarwa

Garin Illela, wanda yake tafiyar kilomita tamanin da 'yan kai arewa da birnin Sakkwato, shi ne ƙofar Nijeriya ta ƙarshe a kan hanyar Tawa da Agadas. Daga nan zuwa Birnin Ƙwanni ta ƙasar Nijar tafiyar 'yan mintoci ce a mota, mutanen garuruwan biyu kuwa harshensu ɗaya, suna cin kasuwannin juna, suna kuma auratayya. Iyakar da ta raba su aikin Turawa ce. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana wa Sakkwato da'ira mai nisan mil 100, wadda ta sa Ƙwanni cikin rabon Ingila, sai gyare-gyaren 1904 da 1906 suka mai da ita hannun Faransa. A tsakanin waɗannan shekaru ne, watau a 1899, ayarin sojan Faransa a ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ya ratsa wannan yanki, ya bar tabon da har yau ba a manta da shi ba.

A kan wannan ayari da matar da ta tsaya masa aka yi fim ɗin Sarraounia, wanda Med Hondo ɗan ƙasar Muritaniya ya fitar a 1986, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1987. Masana sun daɗe da sa shi cikin manyan fina-finan nahiyar. Abin da wannan maƙala za ta nuna shi ne, ƙarfin fim ɗin ya samo asali daga wata dabara da Bahaushe ya sani tun kafin zuwan majigi, watau yadda maroƙi yake gina gwarzo da baki har kwarjininsa ya riga shi isa inda za shi. Daga wannan dabara nasarar fim ɗin ta fito, daga gare ta kuma rauninsa ya fito.

2.0 Tarihin da Aka Gina Fim a Kansa

An turo Voulet da Chanoine ne su bi ta arewacin daular Sakkwato su isa tafkin Cadi. Turawan ayarin ba su kai goma sha ba, amma suna tafe da ɗaruruwan sojoji baƙar fata, galibinsu daga ƙasar Bambara, da ɗaruruwan 'yan dako da aka kama da ƙarfi, da igwa guda. Guzurinsu bai isa ba, saboda haka suka mai da wawaso abincinsu. Tun a watan Janairu na 1899 suka yi kisan gilla a Sansanin Hausa, a bakin kogin Kwara, daga nan kuma suka riƙa ƙone garuruwa suna kame mata.

A ranar 16 ga Afrilu suka auka wa Lugu, wani ƙauyen Azna a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu take. Mutanenta suka ja daga, sa'an nan suka janye cikin kurmi suka ci gaba da harbi da baka. Bisa ga lissafin Faransawan da kansu, sun rasa mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙone harsashi wajen 7,000, wanda shi ne asara mafi yawa da suka yi zuwa lokacin. Ba su kama Sarauniya ba. A farkon watan Mayu suka iso Birnin Ƙwanni, suka yi wa garin luguden igwa, suka hallaka jama'a mai yawa, har ana lissafa abin cikin mafi munin kisan da aka yi a tarihin mulkin mallakar Faransa a Afirka.

Labarin ta'asar ya kai Faris ta wasiƙun Laftana Peteau, wanda Voulet ya kora daga ayarin. Aka turo Kanar Klobb ya karɓi ragama. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi, ya kuma shaida wa mutanensa cewa ya fita daga Faransanci, zai kafa daular kansa. Cikin kwana uku sojojinsa suka yi bore suka kashe Chanoine da shi kansa a Maijirgi. Sauran ayarin, a hannun Laftana Pallier, ya ci Damagaram a ƙarshen wannan wata.

3.0 Daga Littafi Zuwa Allo

Tushen fim ɗin littafin Abdoulaye Mamani ne mai suna Sarraounia, wanda aka buga a Faris a 1980. Mamani ɗan Nijar ne, ɗan jam'iyyar Sawaba, wanda ya sha gudun hijira da ɗauri saboda siyasa, kuma ya sa hannu wajen tsara labarin fim ɗin. Shi kuwa Hondo ya riga ya yi suna da Soleil Ô da West Indies, fina-finai masu zafin suka ga mulkin mallaka. Ke nan duka biyun sun zo wa labarin da manufa bayyananniya, ta samar wa Afirka gwarzon da za ta yi alfahari da shi.

An shirya ɗaukar fim ɗin a Nijar, sai gwamnatin Seyni Kountché ta janye goyon bayanta ana dab da farawa. Gwamnatin Thomas Sankara ta Burkina Faso ce ta karɓi aikin, ta ba da wuri da mutane. Wannan sauyi ya yi tasiri a kan kome da kome. 'Yan wasan Afirka da suka fito, har da Aï Keïta wadda ta fito a matsayin Sarauniya, galibinsu mutanen Burkina ne, don haka aka yi magana da Julanci da Fulatanci da Faransanci, alhali mutanen Lugu da Matankari da Ƙwanni Hausa suke yi. Za a dawo ga wannan batu a gaba.

4.0 Zubi da Tsari

Fim ɗin ya kai sa'a biyu, kuma ana iya kasa shi kashi uku. Kashi na farko na Sarauniya ne: ƙuruciyarta a hannun Dawa, wanda ya koya mata harbi da sanin itatuwa da magunguna, hawanta sarauta, da korar mayaƙan Musulmi da suka kawo mata hari. Kashi na biyu ya nuna tahowar Turawa, da shawarwarin sarakunan da ke kewaye, har zuwa yaƙin Lugu. Kashi na uku ya bi ayarin yana ruɓewa daga ciki, har mutuwar Klobb da kyaftin biyun, sa'an nan aka koma ga Sarauniya a rufe.

Abin lura a nan shi ne inda aka ajiye yaƙin. A fina-finan yaƙi da 'yan kallo suka saba da su, na Amurka ko na Indiya, arangamar jarumi da mugu ita ce ƙololuwa, kuma a ƙarshe take zuwa. Hondo ya sa tasa a tsakiya, bayanta kuma ya ɗauke tauraruwarsa daga allo na tsawon lokaci. Waɗansu masu sharhi sun ga wannan a matsayin aibi, suna cewa fim ɗin ya rabu biyu, kuma wadda aka sa wa fim sunanta ta ɓace a lokacin da aka fi bukatarta. To, amma idan aka duba da idon wanda ya san waƙar fada da ta maza, sai a ga lissafi ne.

Maroƙi ba ya kawo ubangidansa ya tsayar a gaban jama'a ya ce ga shi ku duba. Abin da yake yi shi ne ya faɗi halin da abokan gaba suka shiga da jin sunansa: wane ya kasa barci, wane ya bar gari, wane ya aiko da gaisuwa. Girman gwarzo ana auna shi da tsoron da ya jefa a zukatan da ba su gan shi ba. Haka Hondo ya yi. Tun kafin ayarin ya isa Lugu, sojoji da 'yan dako suna ta raɗe-raɗin matsafiyar da harsashi ba ya ci. A fadar Sarkin Arewa ana gardama a kanta, har ɗansa Ɗan Zaki ya saɓa wa uban ya tafi ya bi ta. A majalisar Sakkwato da ta Buzaye ita ce abin magana. Bayan yaƙi kuma, da Turawa suka shiga gari suka tarar ba kowa, sai rashin ganinta ya fi ganinta ban tsoro. Daga nan duk abin da ya sami ayarin, ciwo ne ko iska ko sauti cikin dare, sojoji da ita suke danganta shi. Mai kallo yana bin Voulet da ido, amma hankalinsa yana ga Sarauniya.

Wannan tsari ya warware wata matsala da tarihi ya ɗora wa marubutan. A zahiri Lugu ba ta ci Faransawa da yaƙi ba, kuma wata uku ne tsakanin yaƙin da mutuwar Voulet, a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Da an nuna Sarauniya tana kashe shi da hannunta, da ƙaryar ta fito fili. Sai aka bar abubuwan da suka auku a jerensu, aka ɗaure su da zaren tsoro, yadda mai kallo da kansa zai yanke cewa faɗuwar ayarin daga Lugu ta fara. Fim ɗin bai ce asiri ne ya kashe Voulet ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Wanda ya yarda da asiri zai ga asiri, wanda kuma yake neman dalili na zahiri zai ga sojojin da suka daina ganin Bature a matsayin wanda ba a iya tsaya masa.

5.0 Dabarun Hoto da Sauti

An ɗauki fim ɗin da faffaɗan allo, Guy Famechon ne kuma ya riƙe kyamara. Hondo ya yi amfani da faɗin ta hanya biyu masu karo da juna. Idan ana nuna ayari, sai a ja da baya a ɗauko shi daga nesa, dogon layi na sojoji da 'yan dako da mata kamammu yana jan ciki a fili, Turawa bisa dawaki. Layin yana nuna matsayi, wane gaba wane baya, yana kuma nuna ƙanƙantar ayarin a cikin ƙasar da yake ganin ya mallaka. Idan kuwa aka koma ga mutanen Sarauniya, sai allo ya cika da taro, ita a tsakiya ko a bisa, jama'a kewaye da ita. Tun mutum bai ji ko kalma ɗaya ba ya san wane mulki ne na tilas, wane ne na yarda.

Ba a yawaita yanka hoto gutsi-gutsi ba. Ana barin fitowa ta yi tsawo, kyamara tana tafiya a hankali tana bin masu magana. A fitowar majalisu wannan ya dace da yadda ake shawara a fada, inda kowa yake jiran bakinsa, ba a katse babba. Mai kallon da ya saba da saurin fina-finan zamani zai ga nauyi, amma nauyin yana da aiki, domin shi ne yake ba kalamai daraja.

Wasan 'yan wasa ma an raba shi. Jean-Roger Milo, wanda ya fito a Voulet, yana ihu, yana zufa, yana kai da kawowa, kuma abin yana ƙaruwa yadda fim yake tafiya har ya zama kamar taɓin hankali. Aï Keïta kuwa ba ta cika motsi ba, maganarta kaɗan ce, idan ta yi kuma jawabi take yi. Bahaushe ya san wannan ma'auni, domin a wurinsa yawan magana da rawar jiki alamar ƙaramin mutum ce, natsuwa kuwa ta manya. Da ma an ce gwangwanin da ba kome ciki ya fi ƙara.

Akwai kuma tafinta, wanda yake tsakanin Turawa da jama'a. Ta bakinsa umarni yake sauka, ta bakinsa kuma labarin gari yake hawa, yana ƙarawa yana ragewa don amfanin kansa. Sojojin suna yi wa Turawa gurguwar Faransanci, amma idan suka keɓe suka koma harshensu sai a ji mutane masu tunani da dabara. Da wannan aka shirya mai kallo ga boren da zai zo, domin ya daɗe yana jin abin da Voulet ba ya ji.

Kiɗan fim ɗin Pierre Akendengué na Gabon da Abdoulaye Cissé na Burkina suna cikin waɗanda suka tsara shi. Maroƙin Sarauniya yana cikin taurari, yana tsai da labari ya wasa ta, a ƙarshe kuma aka ba shi bakin rufewa, inda ake tuna wa mai kallo cewa aikin gwarzo ba ya wanzuwa sai da mai faɗarsa. 'Yan kallon ƙasar Hausa, waɗanda suka saba da fina-finan Indiya tun wajen 1950 da 'yan kai, ba su ɗaukar tsai da labari don waƙa a matsayin baƙon abu. Bambancin shi ne a nan waƙar ita ce take bayyana irin aikin da fim ɗin yake yi. Hondo yana shaida wa mai kallo cewa shi ma maroƙi ne, kyamara ce kalangunsa.

6.0 Kwatanci da Shaihu Umar

Za a fi gane wannan idan aka ajiye shi kusa da Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan yana matsayin Shaihu. Shi ma labarin ƙarshen ƙarni na 19 ne, shi ma daga littafi ya fito, shi ma ya ari bakin mai ba da labari na gargajiya. Sai dai bakin da ya ara na malami ne a zaure, wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa ya shiga ba su labari. Malami yana magana a kan kansa, da tawali'u, yana danganta kome ga ƙaddara, don haka fim ɗin yake tafe a natse, jigonsa haƙuri, ba ya neman wanda zai ɗora wa laifin bauta. Maroƙi kuwa a kan wani yake magana, da ɗaga murya, kuma ba ya yabo sai da zambo. Kowane fim ya gaji halin bakin da ya ara. Tambayar da ta dace a yi wa Sarraounia ke nan ita ce, wa aka yaba, wa aka yi wa zambo, me kuma aka bari a baya domin yabon ya tsaya?

7.0 Abin da Yabo Ya Rufe

Na farko, Sarauniyar Lugu a al'adar Azna muƙami ne na addini wanda ake gada har yau. Mai riƙe da shi tana zaune a keɓe cikin bukka, aikinta tsafi da roƙon damina da kare ƙasa, garin kuma an san shi da dutsen Tunguma da ake kai wa shari'a. Joalland a littafinsa na 1930 tsohuwar matsafiya ya kira ta, binciken da masana irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho suka yi kuma ya nuna cewa budurwar mayaƙiya mai baka da kwari ƙirar Mamani ce. Fim ɗin ya ƙara mata ganuwa da fada irin ta manyan birane. An yi haka ne domin allo yana son abin da ido zai gani, amma sakamakonsa shi ne an musanya irin ƙarfin da matar take da shi da irin wanda mai kallon sinima ya riga ya sani. Abin mamaki, kashi na uku, inda ba a ganinta sai dai a ji tasirinta, shi ya fi kusa da Sarauniyar da mutanen Lugu suka sani.

Na biyu, zambon ya faɗa kan sarakunan Musulmi. An nuna majalisar Sakkwato ta fi damuwa da arniyar da ta gagare ta bisa ga Turawan da ke tafe. Gaskiya ne akwai tsohuwar gaba tsakanin daular da Azna, gaskiya ne kuma waɗansu sarakuna sun yi wa Faransawa jagora. Amma Ƙwanni, wadda ta fi kowane gari zubar da jini a wannan tafiya, garin Musulmi ce mai biyayya ga Sarkin Musulmi Abdurrahman, kuma ta rufe ƙofofinta ne ta ƙi ba da abin da aka nema. Shekara huɗu bayan haka Sakkwato ta yi yaƙi da Ingilishi a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Mai kallo a Illela ko Ƙwanni, wanda kakanninsa suke cikin waɗanda aka binne, yana da hujjar ganin an rage masa rabonsa na labarin. Jawabin rufewa, inda Sarauniya take karɓar kowa da addininsa da harshensa, ya sassauta wannan, sai dai shi ma muryar siyasar shekarun Sankara ce aka sa a bakin matar 1899.

Na uku shi ne harshe. Fim ɗin da ya dogara ga hikimar roƙo ya rasa harshen da aka yi roƙon da shi. Sunayen taurari na Hausa ne, Dawa da Ɗan Zaki da Sarkin Arewa, amma abin da ke fita bakinsu Bahaushe ba ya ji sai ta rubutun Faransanci ko Ingilishi a ƙasan allo. Kirari da habaici da karin magana na Arewanci, waɗanda da su ne naman fim ɗin, babu su. Laifin ba na Hondo ba ne, tun da a Nijar ya so ya yi aikinsa, amma asarar ta tabbata, kuma ita ce babban dalilin da ya sa fim ɗin ya fi suna a Wagadugu da Faris bisa ga Sakkwato da Kano.

8.0 Kammalawa

An ga yadda Hondo ya ajiye yaƙi a tsakiya, ya ɓoye tauraruwarsa, ya bar bakunan mutane su gina ta, ya kuma raba allo da wasa da harshe tsakanin masu natsuwa da masu rawar jiki. Duk waɗannan dabarun maroƙi ne aka mayar hoto, kuma sun ci nasara, domin Sarauniyar da ake gani yau a zane-zane da sunayen makarantu da gidan rediyo a Yamai ta Mamani da Hondo ce. Saboda haka ya kamata malamin da zai koyar da fim ɗin ya karanta shi yadda ake karanta waƙar fada, a yaba gwanintar, a kuma san cewa mai yabo yana da ubangida. Med Hondo ya rasu a 2019, Mamani tun 1993. Aikin da ya rage ga sassan Hausa na jami'o'in Sakkwato da Yamai shi ne juya fim ɗin zuwa Hausa, da tattara abin da tsofaffin Ƙwanni da Illela da ƙauyukan da ke tsakaninsu suka gada na labarin shekarar 1899, domin masu shirin fim na gaba su sami abin da za su gina nasu a kai.